Koren Fenti a Bakin Buhu

Inna Asabe ta farke buhun geron da aka ba ta a ƙauyen Kekun Waje, sai yashi ya zubo mata a ƙafa. Gero a sama, yashi a ƙasa. Kafin azahar an farke buhu tara, duk haka.

Sati na uku ke nan da dokar kullen korona, ga mutane a matse. Maigari ya aika wa Hajiya Shafa'atu, shugabar ƙungiyar agajin da ta yi rabon, cewa kada motarsu ta sake shigowa. Direbansu Labbo kuwa tuni yana tsare a hannun 'yan sanda a Bungudu.

Sajan Lawwali ya iso ofishin ƙungiyar a Gusau da buhu ɗaya a bayan babur. Rukayya mai ɗinka musu takunkumi tana kusurwa kan kekenta. Ba ta cika magana ba, amma idonta ba ya hutawa.

"Hajiya, wa ya sayo geron?"

"Ni da kaina, a kasuwar Tsafe. A gabana aka auna, aka ɗinke da inji."

Sajan ya juya ga Malam Zakari mai sito. "Makulli fa?"

"Ga shi a wuyana, ranka shi daɗe. Ko wanka da shi nake shiga."

Tajuddeen, mai ɗaukar hotuna yana watsa ayyukansu a waya, ya yi tsaki. "Ai magana ta ƙare. Direba ne kawai ya kaɗaita da kaya a hanya."

Rukayya ta tsuguna gaban buhun, ta shafa bakinsa. Ta gyara takunkuminta sau biyu kafin murya ta fito.

"Yallaɓai, wannan ɗinkin hannu ne, da basilla."

"Mun gani, Malama. Ɓarawon ne ya sake ɗinkewa."

"To dubi zaren. Kore ne daga sama, fari daga ciki. Fentin tambarinmu ne ya hau kansa."

Sajan ya duƙa da sauri. "Ci gaba!"

"Da Labbo ne ya farke a hanya, ko Baba Zakari a sito, da sabon zaren ya fito fari tas a kan tambarin. An zuba yashi, an ɗinke, sannan aka buga fenti."

Hajiya ta miƙe tsaye. "Daga kasuwa gidanka aka sauke su, Tajuddeen! Kai ka nace a buga tambari a bakin buhu, wai don ya fito a hoto, kuma kada wani ya buɗe!"

Tajuddeen ya fara kame-kame. "Hajiya, wallahi iska ce ta..."

"Iska ta iya basilla?" in ji Malam Zakari.

A bayan gidan Tajuddeen suka tarar da tulin yashin gini da aka ƙwaƙule gefensa, ga geron a ɗakin da bai gama yi wa rufi ba.

Washegari aka saki Labbo, shi da kansa ya tuƙa motar zuwa Kekun Waje. Maigari ya tare su a bakin gari, fuska a murtuke. Rukayya ta sauko, ta sa aka sauke buhu ɗaya, ta miƙa wa Inna Asabe wuƙa.

"Inna, farke shi ta ƙasa."

Gero ya zubo. Tsohuwar ta rangaɗa guɗa, maigari ya matsa gefe, motar ta shiga.