Zaburar Kaka Ishbel

"Kaka, na ce miki ba da gangan ya yi ba..."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ta ce in dai wannan mai gangar ne, kada ya ƙara taka mata ƙofar gida, balle a zo mata da zancen aure.

Kaka Ishbel Baturiya ce, 'yar wani tsibiri a Sikotland. Aikin jinya ya kawo ta Garwa tana budurwa, ta haɗu da kakana Théodore, mutumin duwatsun Mora, shi ke nan ta yi zamanta. Hausa da Fillanci a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya. Abu ɗaya ta riƙe na gida. Duk Lahadin ƙarshen Nuwamba fasto kan ba ta fili ta rera Zabura da yarensu, ba kiɗa, ba tafi. Mutum ɗaya ya ja baiti, sauran su amsa a hankali. Kakana ne mai ja har Allah ya ɗauke shi, daga nan ta koma ja da kanta, mu 'yan gida muna amsawa.

To Fabrice ɗina baƙo ne, daga Tcholliré ya zo, shi ke yi wa mawaƙan cocinmu kiɗa. Bara ya ga tsohuwa ta miƙe tana waƙa, coci tsit. A garinsu waƙar da ba kiɗa ta gidan makoki ce. Sai tausayi ya kama shi, wai an bar ta ita kaɗai cikin kunya. Bawan Allah ya rungumo ganga ya sakar mata kiɗa, mata kuma suka ɗauki guɗa. Kaka ta rufe bakinta ta zauna.

Na sha kuka, ba na ɓoyewa. A bayan matar nan na girma, ba zan iya aure ba da albarkarta ba. Shi kuma ina sonsa kamar raina. Na zazzaga masa masifa, na ce wa ya aike shi, shi sarkin taimako?

"Ki yi haƙuri, Pascaline, zuciyata," ya ce. "Ki koya mini waƙar."

Ni amshi kaɗai na iya, don haka ya koma wurin Mama, 'yar Kaka ta fari, wadda ta san baitocin amma ba ta da muryar ja. Duk yamma yana tsugune a rumfarta ta busasshen kifi yana murɗa harshe, 'yan kasuwa na darawa. Wata mai tumatir har ta tambayi Mama ko ciwon ciki ke damun yaron. Kaka ba ta san wainar da ake toyawa ba.

Bana ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Muka ce ta haƙura da Zaburar, ta ce sai dai gawarta ta haƙura.

Da ranar ta zo, ta miƙe a coci da sandarta. Ta ja baitin farko, muka amsa. Ta buɗe baki za ta ja na biyu, tari ya sarƙe ta. Ta sake gwadawa, murya ta ƙi fita. Muka yi cirko-cirko, ga amshi a bakinmu, ba mai ja mana. Zuciyata ta karye. Fasto ma har ya yunƙura zai tashi.

Sai murya ta taso daga bencin baya.

Fabrice ne a tsaye, ya harɗe hannuwansa a baya kamar ɗan makaranta, gumi na tsiyaya a goshinsa. Ya ja baitin a hankali. Mama ta amsa, na amsa ina hawaye, ƙannena suka bi. Kaka ba ta waiwaya ba. Ta dai rufe ido, leɓunanta na motsi tare da mu, har ya kai mu ƙarshe.

Da aka tashi ta aika a kira shi gindin darbejiya. Ya zo ya durƙusa, kansa a ƙasa.

Ta ce a rayuwarta ba ta taɓa jin wanda ya yi wa yarensu kisan wulaƙanci irin na yau ba, sai mutum ɗaya, kuma shi ta aura. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Mama ta juya baya tana share ido da gefen zane.

Allah na gode maka, abin da nake ta faɗi a raina ke nan.

Kaka ta ɗora hannu a kansa.

"Tun da Théodore ya tafi nake tsoron ranar da zan buɗe baki ba mai ɗauka. Na gode, ɗana... Ka turo iyayenka. Pascaline taka ce."

Sannan ta miƙa masa hannu, ta ce ya tashe ta, yau shi zai kai ta gida.