Akuyar da Aka Tatsa

A watan da soja suka miƙa wa farar hula mulki, aka kawo rahoto caji ofis na Wudil cewa an tsinci gawar Gwadabe, mai kiwon awakin nono, a makiyayarsa ta bakin kogi.

Sufeto Mu'azu ya tafi da kansa. Mutum ne da bai taɓa zama a aji ba, daga kurtu ya taso, ya ga Bature, ya ga yaƙi, bai bar ko yatsa a can ba. In ya kafa wa mutum ido, sai gaskiya ta zubo.

Gawar na kife cikin ciyawa, ƙeya a fashe, turken ɗaure akuya a gefe duk jini. Barakatu matar mamacin na tsaye, goye da jaririya.

"Taki ce?"

"'Yar Ɗantani ce, ƙanin maigidan, ranka ya daɗe. Uwarta ta rasu wajen haihuwa."

"Yana ina?"

"Tun jiya ya tafi Achika."

Sufeto ya shiga garken. Awaki sai kuka suke, hantsa ta cika ta yi tauri. Wata ja kaɗai ke tuƙa abinta, hantsarta a tatse.

"Wa ya tatsi wannan?"

"Ni ce."

"To ga ƙwarya. Taɓa ta in gani."

Barakatu na durƙusawa akuyar ta yi harbi, ƙwarya ta yi gefe.

"Baiwar Allah, na tsufa da wannan wasan. Hannun wa ta sani?"

Ta fashe da kuka, ta ce hannun Ɗantani kaɗai ta sani. Ta ce nonon akuyar nan kaɗai cikin yarinyar ke karɓa. Gwadabe kuwa ya yi wa 'yan jam'iyyarsa alkawarin garken kaf, a yanka ranar walimar rantsuwa.

Kurata suka zaƙulo Ɗantani daga cikin dawar maƙwabta.

"Daga Achika nake, wallahi."

"Da raɓar bakin kogi a wandonka? Akuyarka ta riga ka magana."

Ɗantani ya zube.

"Na ce Yaya ka bar min ja ɗin nan kawai. Ya ce ya riga ya faɗa a gaban manya. Ya kama igiyarta, ni kuma na tuge turken. Na gudu, sai na jiyo kukan yarinyar. Na dawo na tatsa mata."

Aka fito da ankwa.

"Ranka ya daɗe, bari in tuɓe rigata tukuna."

Sufeto ya ɗaga wa kurtu hannu. Ɗantani ya miƙa wa matar da ya mayar gwauruwa rigar.

"Ki riƙa sawa in za ki tatsa. In ta ji ƙanshina za ta tsaya."

Barakatu ta daɗe tana kallon jinin mijinta a hannun rigar. Jaririyar ta motsa a bayanta. Ta karɓa.

Aka sa shi a mota ba riga.