Wanda Ya Toshe Wa Na'urar Radon Hanci

Takardar ɗakin gwaji ta iso da hantsi, tana cewa babu ɗigon radon a ɗakin ƙasa na gidan Baba Tela. Kowa ya hau murna ban da ƙanwarsa, Goggo Sajan, 'yar sanda mai ritaya wadda labari mai daɗi ke sa wa ƙaiƙayi.

Radon iska ce da ke sulalowa daga ƙasa ta tsagar daɓe, ba launi ba wari, tana cin huhu a hankali. An auna gidajen maƙwabta hagu da dama, an samu da yawa. Shi ya sa ɗan Baba ya ɗora 'yar na'urar awo a kan kantar ajiye kaya har wata uku, a ɗakin da tsohon ke wuni yana ɗinki. Ya kuma rantse in sakamako ya yi muni, Baba da kekensa sai saman bene.

"Ko iskar waje ba ta rasa ɗan kaɗan," in ji Goggo. "Wani ya toshe wa abin nan hanci."

Ta fara da ɗan. "Ka cire ta daga ledarta?"

"Da hannuna, Goggo. Ga ma hoto."

Ta juya kan matarsa. "Ke fa, wajen shara?"

"Ni? Rabona da ɗakin tun ranar da na goge awon mutane da Baba ya rubuta a bango da alli. Har yau gaisuwata da ƙyar yake amsawa."

Goggo ta sauka ƙasa, su biyun na biye. Ta ja yatsa a kan kantar. Ƙura ta kwanta bai ɗaya, babu alamar an taɓa ajiye komai. Gefen keke ga maɓallai zube a faranti, ga kwalbarsu mai murfin roba wayam.

"Yaya, me ya fito da maɓallai?"

"Iska suke sha," in ji Baba, yana ta taka keke ba zare.

"Abin da ya zauna wata uku a kanta yakan bar shatinsa a ƙura. Nan babu. Ɗakin kuma kai kaɗai ke shiga. A kwalba ka garƙame ta, ranar ɗauka ka mayar."

Keken ya tsaya.

"Shekara arba'in ina ɗakin nan," in ji shi. "Wa zai hau bene ya kawo mini ɗinki? In zauna can ina jiran a miƙo mini abinci?"

Tausayi ya kama Goggo, amma ba ta saki fuska ba. "Wa ya ce sai ka tashi? Liƙe tsaga ake yi, a sa bututu da fanka su fitar da iskar." Ta harari ɗan. "Kai kuma da rantsuwarka, da ka karanta takardar da ta zo da na'urar har ƙarshe ai da ba mu zo nan ba."

Ta yanke wa yayanta hukuncin wata uku da sabuwar na'ura, kwalbar kuma ta tafi da ita a jaka.

Sakamako na biyu ya ninka na maƙwabta. Baba ya sa aka karanta masa sau biyu. Da magini ya zo, shi da kansa ya janye keken.

"Fara da wannan tsagar," in ji shi. "A kanta nake zama."