Ƙafar Girgiza da Fallen Zinare

Ranar da ya shigo gyaran na'urar sanyaya leza, bai yi minti biyar a ɗakin gwajin ba ta ɗago kai.

"Malam, ƙafarka."

"Me ta yi?"

"Kaɗa ta kake yi. Teburina na rawa, ka ɓata min awon safiya guda."

Aikinta harba hasken leza ne kan fallen zinare, ta auna yadda ƙwayoyin lantarkin cikinsa ke ɗaukar zafi, su yi ta gwamutsa, su huce, duk cikin kashi ɗaya bisa tiriliyan na daƙiƙa. Shekara huɗu ta kashe a kan haka, tana neman digiri.

Ta sa masa suna Girgiza. Na'urar kuma ta koyi neman gyara duk mako.

"Zinariyata, yau sun huce?" ya tura mata a waya.

"Su sun huce tuni. Kai ne shekara talatin ka kasa nutsuwa."

Da ya je gaida Abbanta, ƙafar ta soma kaɗawa, shayin da ke kan tebur ya riga kowa ba da shaida.

"Wanda ya kasa zaman kujera zai iya zaman aure?" in ji Abba. Shi wani lakcara yake so ta aura, mutum mai nutsuwa har yakan yi barci a taro.

Girgiza ya ɗauke ƙafa sati uku. Ta ɗauka ya haƙura. Shi kuwa kunya ce.

Ranar awonta na ƙarshe, Abba ya rako ta. Ana tsaka da aiki, filogin na'urar ya soma tartsatsi. In ta tsaya, leza ta mutu, digiri sai baɗi.

Ta kira shi a waya. "Girgiza, zo. Yanzu."

Ya iso yana haki, ya duba. "Gyara sai an kashe."

"Ba za a kashe ba."

Ya sa safar roba, ya durƙusa ya danne filogin. Awa uku. Gumi ya jiƙa rigarsa, sauro ya sha ya ƙoshi, ƙafar nan ko motsi. Abba na kallon ƙafar, yana kallon agogo.

"Na gama," ta ce.

Abba ya miƙe. "Tashi, ɗana. Ka turo manyanka. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

Ranar biki ƙafar ta dawo bakin aiki, har kujerun baƙi na amsawa. Amarya ta ɗora hannu kan gwiwarsa.

"Kaɗa abinka, masoyi. Yau ba na awo."