Tsaf-tsaf da Ƙuda Mai Dogayen Ƙafafu

Akwai wata yarinya da ake kira Tsaf-tsaf a gidansu, saboda son tsabta. Ko ɗigon miya ta gani a kan tebur, ba ta zama sai ta goge. Ƙanenta Auta kuwa ya sha wuya a hannunta. Da ya hango ta riƙe da soso, sai ya ranta a na kare.

Wata safiya, damina ta kusa ƙarewa, ta je wanke kwanuka a famfon bayan gida. Kabewa ta yi yaɗo a wurin. A kan wani ganye ta ga wani ɗan ƙuda. Bai yi kama da ƙudan shara ba. Siriri ne, kore shar, yana sheƙi kamar takardar alewa. Ga dogayen ƙafafu.

Ta kifa masa kofin gilashi, ta kai wa Baba. Baba mai gyaran agogo ne, yana son ƙananan abubuwa. Ya ɗauki hoton ƙudan ya aika wa ƙanwarsa, wadda yaran ke kira Gwaggo. Aikinta binciken ƙwari ne a jami'a.

Ba a jima ba Gwaggo ta bugo waya.

"Yaya, hoton bai fito sosai ba," in ji ta. "Amma ban taɓa ganin irinsa ba. Ku ajiye mini shi yadda yake. Ina nan tafe ƙarshen mako."

Tsaf-tsaf ta yi ta tsalle don murna.

Washegari ƙudan ya mutu. Baba ya kwantar da shi a kan auduga cikin kwalin ashana. Da ya fita, Tsaf-tsaf ta ɗauki gilashin da yake duba cikin agogo da shi, ta leƙa. Sai ta ɓata fuska. A ƙarshen ƙafafun gaba guda biyu akwai wani abu baƙi, dunƙule.

"Taɓo ne!" ta ce. "Haba, a haka Gwaggo za ta gan shi?"

"Ai an ce a bar shi," in ji Auta.

"Ba taɓa shi zan yi ba. Goge shi kawai zan yi."

Ta karyo tsinken tsintsiya, ta jiƙa bakinsa. Ta ɗan goga. Ƙafa ɗaya ta ɓalle. Ta yi ƙoƙarin mayar da ita, sai ta biyun ma ta fita. Garin haka, ƙafafun ƙudan biyu suka faɗi ƙasa. Ta duba, ta duba, ba ta gan su ba, don sun fi gashi siranta.

Da Gwaggo ta iso, ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kawo kwalin. Ta duba da gilashinta.

"Ƙafa huɗu nake gani," ta ce. "Ina na gaban?"

Tsaf-tsaf ta sunkuyar da kai. "Gwaggo, taɓo na gani a jiki. Na so in goge."

Gwaggo ta ja ta kusa da ita. Ba ta yi faɗa ba, amma kowa ya ga ranta bai yi daɗi ba.

"'Yata, ba taɓo ba ne. Halittarsa ce. Irin waɗannan ƙudaje suna da yawa, kuma kusan duk korra ne masu dogayen ƙafafu. Da ƙananan alamu muke rarrabe su. Muna duba jijiyoyin fiffike, da gashin ƙafa, da irin adon da kika goge. In babu ƙafafun nan, ba zan iya cewa sabo ne ko tsoho ba."

Hawaye ya cika idon Tsaf-tsaf. "To yanzu shi ke nan?"

"Sai in an sami wani. Ga shi damina ta zo ƙarshe. Ganyen kabewar nan na bushewa, ba za ki ƙara ganinsu ba."

Da safe suka fita da 'yar raga mai sanda. Tsaf-tsaf ta kama biyu, ta ruga da gudu. Gwaggo ta duba, ta girgiza kai.

"Mata ne. Su ƙafafunsu sumul suke. Namijin ne ke da ado, yana kaɗa shi don mace ta gan shi."

"Wato a wajensu maza ne ke kwalliya?" in ji Auta.

Kowa ya yi dariya, har Tsaf-tsaf.

Gwaggo ta koma bakin aiki ba tare da namijin ba. Amma ta bar wa Tsaf-tsaf ragar da wata 'yar kwalba.

Kullum kafin makaranta, Tsaf-tsaf tana tsugune a gindin famfo. Wurin jagwab yake da ruwa. Gefen zaninta ya yi dama-dama da laka, ita ko a jikinta. Mama ta leƙo ta riƙe baki.

"Ikon Allah! Wa ya musanya mini 'ya?"

Ganyen kabewa ya fara yin rawaya. Tsaf-tsaf ta fara fid da rai. Sai wata safiya ta ga wani a bayan ganye, yana ɗaga ƙafafun gaba yana kaɗawa. Ta riƙe numfashi, ta kai raga a hankali. Ta juye shi cikin kwalba, ta toshe. Ko yatsa ba ta sa masa ba.

Ranar da babu makaranta, Baba ya kai ta wurin aikin Gwaggo. Ɗakin cike yake da akwatuna masu murfin gilashi. Gwaggo ta sa ƙudan a ƙarƙashin na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa.

"Leƙa ki gaya mini abin da kika gani."

Tsaf-tsaf ta leƙa. "Kai! Gwaggo, ashe adon ƙafarsa faffaɗa ne kamar mafici! Baƙi ne, amma bakinsa fari fat."

"Madalla. Fiffiken fa?"

"Akwai wata jijiya da ta lanƙwasa kusa da ƙarshe."

"Bayan ƙafar tsakiya fa?"

"Gashi ne a jere, kamar haƙoran mataji."

Gwaggo ta yi murmushi. "Idonki na aiki. Yanzu sai mu gwada shi da duk 'yan'uwansa da aka sani. Aikin na da tsawo, sai kin yi haƙuri."

An daɗe kuwa. Har an sake shiga wata damina kafin Gwaggo ta bugo waya. Baba ya ƙara sautin don kowa ya ji.

"Ina 'yata? Mun duba, abokan aikina na nesa ma sun duba. Babu wanda ke da farin baki a maficinsa sai naki. Sabo ne, ba a taɓa rubuta shi ba!"

Auta ya yi ihu. Mama ta rungume Tsaf-tsaf.

Baba ya dafa kanta. "To, me kika koya?"

"Ba duk abin da ban gane ba ne datti," ta ce. "Daga yau, kafin in gyara abu, sai na duba shi da kyau, kuma sai na tambaya."