Ɗan Wanzami Da Muryar Zulfa

Ranar da Zulfa ta raka mahaifiyarta, Dada Aisatu, asibiti saboda ciwon kunne, Sirajuddeen ne nas ɗin da ke aiki a sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Tambaya uku ya yi wa Zulfa, duk ukun a waya ta rubuta amsa ta miƙo masa.

"Hajiya, ni fa ba na cizo," ya ce yana murmushi. "Ko muryar ce ta yi tsada?"

"Ƙyale ta, ɗana," in ji Dada. "Ta hanci maganarta ke fita. Tana kwana uku wanzami ya cire mata beli, askarsa ta zarce. Tun da yara suka dinga kwaikwayonta a firamare ta daina magana a gaban baƙi."

Kai, kunya ta kama shi har gumi! Shi kansa ɗan wanzami ne, amma ya ce a ransa ai wanzamai da yawa a Jalingo. Ya jawo ƙoƙon kai na roba da ke kan teburinsa, ya buɗe muƙamuƙin, ya nuna wa Zulfa da biro.

"Kin ga rufin baki? Gabansa ƙashi ne, bayansa nama mai laushi, belin na reto a ƙarshensa. In za ki ce 'ba', naman nan ke ɗagawa ya toshe hanyar hanci. Naki an rage shi, shi ya sa iska ke sulalewa ta sama. Ba laifinki ba ne ko kaɗan."

Shekararta ashirin da biyu, ba wanda ya taɓa gaya mata haka. Nan take ta ji tana son shi, ba wani ɓoye-ɓoye.

Bawan Allah ya mai da gidansu a unguwar Mayo Gwoi wurin zuwa duk la'asar, wai koyarwa. Ya kara mata ƙaramin madubi a ƙarƙashin hanci, ta ce "Baaba", madubin ya yi tururi, su kwashe da dariya. Shi ne baƙo na farko da ya ji muryarta.

"Hamma Siraj, ba ta yi maka muni ba?"

"Zuzu, da za a ba ni wata a madadinta, wallahi ba na karɓa."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Malam Njidda ya yi bincike kamar kowane uba. Ya dawo gida fuskar nan ba annuri.

"Ɗan Lawali ne, wanzamin unguwar Turaki! Hannun da ya lalata miki baki, shi zan miƙa wa ke? Har abada."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, sannan ta tura wa Sirajuddeen saƙo: "Ashe tausayina kake ji? Laifin babanka kake son gogewa da ni?"

Amsa ta shigo kafin ta ajiye wayar: "Na rantse sai yau na sani, ruhina. Tausayi ba ya hana mutum cin abinci. Ni kuwa tun safe ko ruwa ya ƙi wuce mini."

Ranar Juma'a bayan masallaci sai ga tsoho Lawali da kansa, Sirajuddeen na biye. Ya ƙi hawa tabarma, ya zauna a ƙasa.

"Malam, ba neman aure na zo ba. A ranar na san hannuna ya zarce, na yi shiru don kar a ce Lawali bai iya aiki ba. Daga kanta ban sake taɓa belin jariri ba. Shekara ashirin da biyu ina kauce wa layin nan, tsoron jin muryarta nake yi. Ku yafe mini. Yaron nan ba ruwansa."

Malam Njidda ya kau da kai. "Ba ni ka yi wa ba."

Sai labule ya motsa. Zulfa ta fito, ta durƙusa a gaban tsohon, ga maƙwabta biyu zaune a zauren. Ta buɗe baki, muryar ta fito ta hanci yadda take.

"Baba, ga ta, ka ji. Ba abin tsoro ba ce. Na yafe maka." Ta juya wajen mahaifinta. "Baaba, ina son shi."

Ba wanda ya yi dariya. Malam Njidda ya daɗe yana kallon 'yarsa, hawaye na bin gemunsa.

"Mai abu ta yafe, ni wane ne? Ku turo magabata."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura. Da aka kai amarya Turaki gaida surukai, tsoho Lawali ya riƙe gefen mayafinta da hannu biyu.

"Allah ya yi muku albarka, 'yata, ya ba ku zuri'a ɗayyiba. In sun zo, ba wanda zai sa musu aska a baki."

"Amin, Baba," ta amsa da ƙarfi, har na tsakar gida suka ji.