Gurasar Direban Tirela

"Tsaya! Kashe motar!"

Ermek ne ya daka tsawar, amma ko shi bai yarda da muryar ba. Ya nuna direban da bindigar farautar kakansa. Tirelar ta ja birki — ƙiiii! — ta tsaya dab da duwatsun da suka jera a titi.

Kubat, ogansa, ya riga ya tsara komai. Kayan tirelar wayoyin hannu ne daga Sin. Za su ɗora wa dawakinsu, su tsallaka kogi daga ƙasar Kirgiz zuwa ta Kazak. 'Yan sandan Kirgiz ba sa ƙetare ruwan nan, tun zamanin ubansa.

"Tsare min tsohon nan! Ya motsa, fasa shi!" Kubat ya zaga bayan tirelar da guduma.

Direban dattijo ne mai haƙorin zinare. Ya dubi Ermek, ya dubi bindigar, ya kwance wani ƙyalle mai gurasa a kan kujera.

"Ɗana, taɓa gurasa."

"Baba, fashi fa ake yi."

"Na gani. Taɓa dai."

A ƙauyen su Ermek, ko gobara za ka kashewa ba ka wuce gurasar da aka miƙo maka. Ya jingine bindigar, ya gutsura, ya shafa addu'a. Sai da ya haɗiye ya tuna sauran maganar: wanda ka ci gurasarsa, ba ka sake ɗaga hannu ka cuce shi.

Can bayan tudu, motar sintiri ta juyo. Ɗan sandan Kirgiz ke tuƙi, na Kazak na gefensa, wani jami'in Sin kuma yana cewa ta rediyo tirelarsu ta tsaya inda ba a tsayawa. Tun bazara gwamnatocin suka haɗa sintiri a hanyar. Labarin bai hau dutsen su Ermek ba.

Kubat ya dawo rungume da kwali. "Kai! Me kake taunawa?"

"Oga, mu mayar masa da kayansa. Na ci gurasarsa."

"Ka ci me? Kai jakin wane gari ne!"

Jiniya — wiii! wiii!

Kubat ya yar da kwalin, ya ɗare dokinsa, ya fizgi linzamin na Ermek ma, ya faɗa kogi. Ruwa ya tashi! Ya haura gaɓar Kazak yana dariya — 'yan sandan Kazak shida na jiransa a can da bindigogi.

Ermek ko gudu bai yi ba. Dattijon ya riga ya zuba masa shayi.

A kotu Kubat ya rantse Ermek ne shugaba, ai bindigar ma tasa ce. Kubat ya sha shekara huɗu, Ermek bakwai. Dawakin suka zama na gwamnati, innar Ermek ta rage ita kaɗai da tumaki.

In sababbin fursunoni suka tambaye shi yadda aka yi, Ermek yakan sosa ƙeya.

"Ƙasashe uku fa suka zauna taro a kaina. Da innata suka tambaya, da ta ce musu su huta, su aiko da gurasa."